Ƙwallon da Za Ta Tsallake Rafi

Zuwa ga ƙannena, Struan da Effie,

Ku yi mini afuwa da na ɗauki biro ina rubuta abin da ake kira wasiyya. Na san aikin manya ne, masu gida da jirgin ruwa da furfura. Ni shekarata goma sha shida, ko jarrabawar fita ban zauna ba, kuma ba ni da 'ya'ya sai ku biyun da na goya. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagewa don kunya. Amma kun san halina, in aka ce in yi magana a gaban mutane sai harshena ya naɗe. Abin da baki ya kasa, bari hannu ya gwada.

Ni ce Rhona Cowie, 'yar Murdo da Isbel, jikar Dod Cowie na garin Kilbrannoch. Ina rubutu yau Lahadi da yamma a teburin kicin, da hankalina cikakke, ba zazzaɓi a jikina, ba magani a kaina, ba kuma wanda ya sa ni. Abin da ya lalace a jikina ƙofa ce guda a cikin zuciya, ita likitoci za su canja jibi Talata a Glasgow. Likita ya ce mafi yawan waɗanda ake yi wa aikin suna tashi lafiya. Na yarda da shi. Sai dai na ci lissafi a makaranta, na san mafi yawa ba duka ba ne.

Struan, kai na ba ambulan ɗin don kai ne babba bayana. Kada ka jira ka ji yadda aiki ya ƙare. Da zarar an tura gadona ciki an rufe ƙofa, ka buɗe a ɗakin jira, ka karanta da ƙarfi, a gaban Mama da Baba da Kaka. An ce aikin zai ɗauki awa shida. Na zaɓi wannan lokaci da gangan, don shi kaɗai ne na san Baba da Kaka za su zauna a ɗaki ɗaya ba wanda zai iya tashi ya ce zai je duba jirgi.

Ga dalilin gaggawar. Ko na farka ko ban farka ba, ba zan riƙe sandar golf ranar Asabar mai zuwa ba, ranar gasar Kofin Iyali. Sunana da na Kaka suna kan takarda a kulob. Kun san dokar: mutum biyu daga gida ɗaya, ƙwallo ɗaya, wannan ya buga wancan ya buga har ta shiga rami. Shekara arba'in da ɗaya Kaka bai taɓa fashin wannan kofi ba, da mahaifinsa ya fara, sannan da Baba, sannan da ni. In bai sami abokin wasa kafin Alhamis da tsakar rana ba, za a soke sunansa. Ku ba ku kai shekara sha huɗu ba, ba za a karɓe ku ba. Mama ba ta taɓa riƙe sandar golf ba sai don ta kakkaɓe yanar gizo. Saura mutum ɗaya a gidanmu, kuma kowa a ɗakin nan ya san shi. Zan zo kan wannan. Bari in fara raba abin da na mallaka.

Na ɗaya. Dukiyata a duniya bokiti uku ce ta ƙwallayen golf da ke ƙarƙashin matakala. Shekara bakwai na yi ina tsinto su. Lokacin da likita ya hana ni gudu ina 'yar shekara tara, na yi kwana biyu ina kuka, sai Kaka ya ja hannuna zuwa sarƙaƙiyar da ke gefen filin, ya ce, "Masu gudu su ke zubarwa, 'yar tsuntsuwa, masu tafiya a hankali su ke tsinta." Tun daga ranar ƙaya ta san hannuna.

Ban zuba su haka kawai ba, don Allah kada ku gauraya mini su. Baƙin bokiti na masu taurin ciki ne da siririyar fata, irin waɗanda gwanaye ke bugawa a talabijin. Sai an doke su da ƙarfin gaske cikinsu yake matsewa ya tura su gaba, in kuma bugun ya karkace ko kaɗan, juyawar da suke yi a iska ta kai su inda ba a aike su ba. Shuɗin bokiti na masu fata mai kauri ne, ba su da yawan juyi, suna tafiya kai tsaye, ba sa jin ciwo in sun daki dutse. Farin bokiti na masu laushin ciki ne, waɗanda ko hannu marar ƙarfi ya taɓa su sai su amsa. Na san haka ba don an faɗa mini ba. Na yanka goma sha biyu da zarton Baba don aikin kimiyya a aji uku, na ga cikinsu da idona. Baba, zarton da ka yi ta nema wancan lokacin ni ce na dushe shi na ɓoye bayan tukunyar fure. Ka yafe mini.

Abin da na koya a shekara bakwai kaɗan ne, ga shi: babu ƙwallon da ta fi kowace kyau. Akwai dai wadda ta dace da hannun mutum, kuma hannun da yake da shi yau, ba wanda yake fatan samu ba.

Na biyu. Struan, shuɗin bokiti naka ne duka. Na san baƙin kake so, ina ganin fuskarka daga nan. Kana da ƙarfi, Allah ya ba ka kafaɗun Baba, amma bugunka yana lanƙwasa dama kamar wutsiyar kifi, kuma masu siririyar fata ƙara lanƙwasar suke yi. A watan jiya kaɗai na tsinto takwas masu alamarka a bayan rami na uku, duk daga baƙin bokiti, duk ba ka tambaye ni ba. Ka buga masu kauri shekara biyu. Za ka ga rabin fushin da kake yi a fili ba laifinka ba ne. Kuma ka daina jefa sanda in bugu ya ɓaci. Ranar da ka jefa ta kusa da tsohuwa Misis Innes, ba ta kai ƙararka ba, ni ta kira ta ce, "Ki faɗa wa ɗan'uwanki sandar ta fi ƙwallon nisa, ko zai gwada buga sandar da ƙwallo?" Na kasa faɗa maka a lokacin don na san za ka yi kuka a banɗaki ka ce sabulu ne ya shiga idonka.

Ranar da ka buga rami tara a jere ba ka ɓatar da ko ɗaya ba, ka ɗauki uku daga baƙin bokiti ka gwada a kusa da rami. In ka ji bambanci a hannunka, lokaci ya yi. In ba ka ji ba, ka mayar, ba abin kunya ba ne.

Na uku. Effie, duk masu launin rawaya da ke cikin farin bokiti naki ne. Kin ce kina son su don sun yi kama da gwaiduwar ƙwai, kuma wannan dalili ne mai kyau, domin ƙwallon da mutum ke so ya fi kula da inda ta faɗi. Amma ki riƙe iri ɗaya. Kina canja ƙwallo kowane rami kamar ribbon kai, yau wannan, anjima waccan, to ta yaya hannunki zai san nisan da kowace ke tafiya? Ki zaɓi guda, ki zauna da ita har ku saba.

In za ki gwada sabuwa, kada ki fara da bugu mai nisa kamar yadda maza ke yi don a gan su. Ki fara a gajeriyar ciyawa taku uku daga rami, sannan taku goma, sannan ki ja baya. Yawancin wasan a kusa da rami ake yin sa. Ranar sanyi ki sa ta a aljihun wando tun daga gida, don mai sanyi ba ta tashi. Wadda kuma kika ciro daga ruwa, in ta yi kore ko ta dushe, ki bar ta don koyo a bayan gida, ta sha ruwa ta gaji. Na bar miki kuma dogayen safar hannuna na shiga ƙaya da sandar da nake tone ciyawa da ita. Kada ki shiga sarƙaƙiya lokacin da tsuntsaye ke kwanci a kan ƙwai. Kada ki ɗauki ƙwallo muddin akwai mai wasa a kan ramin, ko da kin ga ya juya baya.

Na huɗu. Mama, ban san abin da zan bar miki ba, ke da kika yi shekara bakwai kina tsintar ƙwallaye a tukunyar miya da injin wanki da aljihun rigar coci. Amma na lura in kin dawo daga shagon kifi kin tsaya tun safe, kikan sa ɗaya a ƙarƙashin tafin ƙafa kina murzawa kina shan shayi. Don wannan aiki masu tauri sun fi. Ki zaɓi shida mafi kyau daga baƙin bokiti. Ban san wani amfani da ya fi wannan da aka taɓa yi da su a gidanmu ba. Sauran su zauna a wurinsu har Struan ya cika sharaɗinsa. Ki yafe mini burushin haƙoran da na riƙa ɗauka ina wanke su. Wanda ya ɓata a Kirsimeti naki ne, ba na baƙo ba kamar yadda na bari kika zata.

Na biyar. Akwai kayan mutane a hannuna da ban mayar ba. Kun san al'adarmu, kowa yana yi wa ƙwallonsa alama da tawada, kuma wanda ya tsinci mai alamar da ya sani, mayarwa yake yi. Na kiyaye wannan, ban da mutum ɗaya. A cikin kwalbar da ke tagar ɗakina akwai guda bakwai masu koren ɗigo biyu. Na Fasto Rennie ne. Duk a gindin ƙaya ɗaya na same su, a hagun rami na shida. Ranar da ya ɓatar da ta farko ina tsugune a bayan ƙayar bai gan ni ba, na kuma ji kalmar da ya faɗa. Tun daga nan na kasa haɗa ido da shi, balle in miƙa masa. Effie, ke ba ki da kunya, ki kai masa bayan coci. Ki ce ya gwada irin na shuɗin bokiti. Kada ki ce komai game da kalmar.

Na shida. Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Struan, in muryarka ta fara rawa ka sha ruwa ka ci gaba, kada ka tsallake layi ko ɗaya.

Effie tana ƙarama lokacin, bari in faɗa mata yadda abin ya faru, don ni ina wurin, ni ke ja wa Kaka jakarsa. Shekara uku ke nan, a Kofin Iyali, Baba da Kaka suna kan gaba har rami na sha huɗu, inda bugun farko sai ya tsallake rafi. Iska tana tahowa daga teku tana dukan fuska. Layin Kaka ne. Ƙwallon kuwa zaɓin Baba ce, irin ta baƙin bokiti, wadda suka saba bugawa tun Kaka yana iya ɗaga akwatin kifi biyu a kafaɗa ɗaya. Kaka ya buge ta daidai, ban ga kuskure ko ɗaya ba. Amma ƙarar da ta yi kamar an daki dutse da cokali. Ta tashi, ta tsaya a iska, ta faɗa ruwa saura kamu biyu ta kai gaɓa.

Baba ya ce, a gaban mutanen da muke wasa da su, "Tsoho, in ƙarfin ya ƙare ka faɗa, mu nemo maka kujera a baranda."

Kaka ya ce, "Da ƙwallo ka ba ni da na tsallake. Dutsen bakin teku ka ba ni."

Baba ya ce, "Dutsen da ka yi shekara ashirin kana bugawa? Shi bai canja ba."

Sun ƙarasa ramuka huɗun da suka rage. A na ƙarshe suka cire hula suka gaisa kamar baƙin da suka haɗu a tashar jirgi. Daga ranar ba su sake taka filin tare ba. Ba su daina cin abincin Lahadi a tebur ɗaya ba, don suna tsoron Mama, amma kun ga yadda ake yi. "Rhona, tambayi ubanki ko gishirin nan gadonsa ne da ya riƙe." "Rhona, faɗa wa kakanki likita ya hana shi." Shekara uku ina zaune tsakaninsu ina kai saƙo a kan faranti ɗaya na dankali. Ban taɓa gajiya ba, amma ranar Lahadi mai zuwa kujerata ba kowa.

Na bakwai. Kaka, wannan naka ne, kuma na fi jin kunyarsa fiye da duk sauran.

Shekarar da na cika sha huɗu ka sa sunana kusa da naka, ka ce mini, "Ki kawo irin ta ubanki. Da dutsensa zan tsallake rafin nan, kowa ya gani." Na ce to. Na je ƙarƙashin matakala na daɗe a tsaye. Sannan na sa hannu a farin bokiti. Alamarka jan layi ne mai kauri, sai na ja shi daidai kan sunan da aka buga a jikinta, na san kuma idonka ba ya karanta ƙananan rubutu in ba tabarau, kai kuwa ba ka sa tabarau a fili don kada a ce ka tsufa.

Ka tuna abin da ya faru. Ta tsallake rafin da taku goma. Ka ɗaga sanda sama ka juya wajen tagogin kulob ka yi ihu, "A je a faɗa wa Murdo!" Bara ma ka tsallake, da iskar da ta fi ta wancan karon. Duk sau biyun da mai laushi ka buga, kuma duk wasan da muka yi tare a shekara biyun nan da ita ne. Na yi maka ƙarya da hannuna ko da ban yi da bakina ba. Ina neman gafararka.

Amma ina so ka ji wannan da kyau. Ƙwallo ba ta buga kanta. Na sha ba samari masu ƙarfi irinta suka zuba ta a rafin nan. Kai ka tsallake, da bugunka mai tsabta da ba ya karkata. Abin da kawai na yi shi ne na cire maka abin da ke hana bugun isa inda ya nufa. Ka yi gaskiya a ranar faɗan, ƙwallon ce ba ta dace ba. Baba ma ya yi gaskiya, ba ita ta canja ba.

Wani lokaci ina zargin ka sani. Akwai ranar da ka saki ɗaya a kan daɓen kicin ka karkata kunne kana sauraron ƙararta, ka dube ni, sannan ka ce, "Dutsen nan ya yi ladabi," ka sa a aljihu. In ka sani ka yi shiru don kada ka kunyata ni, na gode. In ba ka sani ba, yanzu ka sani.

Na takwas. Baba, ka yi haƙuri. Na yi ta tunani ko in bar wannan, amma in na tona na Kaka na rufe naka ban yi adalci ba.

Tun da igiya ta fizge maka kafaɗa a jirgi lokacin kakar bara, ka ce mana ta warke. A watan Janairu na sa raga a rafin rami na sha huɗu, na ciro masu tauri guda huɗu, kowace da shuɗin ɗigo uku. Ba mai wannan alama a Kilbrannoch sai kai. Sababbi ne, ba su kwana biyu a ruwa ba. Na san kana fita kai kaɗai ranar Laraba da sassafe kafin kowa ya zo. Ban faɗa wa kowa ba.

Sannan farin bokitina ya fara raguwa. Struan, kai na zarga, na ƙi yi maka magana kwana biyu, ka rantse ban yarda ba. Ka yafe mini, ba kai ba ne. A watan Maris na tsinci mai laushi a ƙayar da ke can ƙetaren rafin, da shuɗin ɗigo uku a jikinta. Bayan mako biyu na sami wata. Yanzu biyar ne, suna cikin safa a durowata. Ƙetaren rafin, Baba. Da ita ka tsallake.

Don haka ga abin da ni kaɗai na sani a gidan nan. Wata uku ke nan kai da Kaka kuna buga ƙwallo iri ɗaya, daga bokiti ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Abin da kuka yi faɗa a kansa ya daɗe da ƙarewa, ku ne kawai ba a faɗa muku ba. Na so in faɗa a tebur sau da yawa. Nakan buɗe baki sai in ga fuskokinku, sai in miƙa gishiri.

Ban rubuta wannan don a yi wa kowa dariya ba. Struan, in ka yi murmushi ma Allah yana ganinka. Kafaɗa takan yi ciwo, shekaru sukan zo. Ni tun ina shekara tara na san akwai abin da jikina ba zai iya ba, kuma ku biyun ne kuka koya mini ba abin kunya ba ne. Baba, kai ka riƙa goya ni zuwa saman tudu in numfashina ya ƙare, kana cewa kai ne kake son motsa jiki. Abin da kuka yi mini, ku yi wa juna.

Na tara. Effie, buɗe aljihun gefe na jakarki, wanda ba kya amfani da shi. Akwai ƙwallo a ciki, naɗe a hankici. Ita ce mafi tsabta a farin bokiti, na tsince ta ba alamar kowa. Na ja mata jan layi a gefe ɗaya, na sa shuɗin ɗigo uku a ɗaya gefen. Wannan karon ban rufe sunan ba, kowa ya karanta. Akwai wasu biyar irinta a jakar Kaka, don na san Baba da ƙayar rami na tara. Ki ajiye ta a kujerar da ke tsakanin Baba da Kaka. Kada ki miƙa wa kowa a hannu.

In mutum biyu za su buga ƙwallo ɗaya, ba mai ƙarfin ake zaɓa wa ba. Wanda zai tsallake ruwa ake zaɓa wa. Mai ƙarfi in ya buga mai laushi taku kaɗan zai rasa, ɗayan kuwa in ya buga mai tauri ramin duka zai rasa.

Kaka ne zai fara bugu a ramuka masu lamba biyu, huɗu, shida, kamar yadda ya saba, don na sha huɗu ya faɗo a kansa. Kada wani ya ce zai ɗauke masa don tausayi, zai fi jin zafin wannan fiye da maganar kujera. Baba, in ta faɗa ruwa, ka ciro wata daga jaka ka buga, bakinka a rufe. Kaka, in Baba ya kai ku cikin ƙaya, kai ma haka. Ban ce ku ci kofi ba. 'Yan gidan Geddes sun fi ku, kowa ya sani. Ku dai fita tare ku dawo tare, ko na ƙarshe kuka zo.

Misis Innes ce ke riƙe da takardar sunaye, lambarta tana cikin wayar Mama. Ba ta canja suna sai ta ji daga bakin mutanen biyu. Mama, don Allah kada ki yi magana a madadinsu. Ki ba ɗaya wayar, in ya gama ya miƙa wa ɗayan da hannunsa. In har ranar Asabar ta zo ina kwance, ko ma ba na nan, kada a ce za a fasa don ni. Wanda ya fasa don ni bai girmama ni ba. Struan ya ja jakar Baba, Effie ta ja ta Kaka.

Abin da ya rage addu'a ce. Struan, Allah ya sanyaya maka zuciya ya miƙar maka da bugu, ka kula da Effie ba tare da ka mulke ta ba. Effie, Allah ya bar miki bakinki, gidanmu yana bukatar mutum ɗaya da ke faɗin abu lokacin da ya kamata a faɗa. In an aike ki da saƙo daga wannan gefen tebur zuwa wancan, ki ce, "Ga shi nan kusa da kai, yana ji." Ki faɗa da ladabi, amma ki faɗa. Mama, Allah ya hutar da ƙafafunki, ya saka miki dararen da kika yi a kujerun asibiti. Baba da Kaka, Allah ya ƙara muku shekaru masu yawa na gardama, amma da juna, baki da baki. Ku riƙe teburin Lahadi. Kowa ya zo, ko da fushi, ko da ruwan sama, ko kujera ɗaya ba kowa. Gidan da ya rage mutum biyar bai da wanda zai yar.

Ban ji tsoro sosai ba. Kaɗan dai. Na fi jin tsoron shiru ɗin da zai biyo bayan Struan ya ninke takardar nan, don haka kada ku bar shi ya yi tsawo.

Na yi dogon rubutu, na kuma faɗi abubuwan da yarinya ba ta faɗa wa manyanta. In na wuce gona da iri ku yafe. In Allah ya sa na farka, na san ba zan iya ɗaga ido in dube ku ba na kwana biyu, kuma an ce za a sa mini roba a maƙogwaro, magana za ta yi wuya. Don haka ina roƙon izini in sake rubuto muku daga gadon asibiti, ko layi biyu ne, in tambayi yadda aka yi a rafin. Izinin Baba da na Kaka nake nema, kuma ba zan karɓa daga bakin ɗan aike ba. Su shigo tare su faɗa mini.

Yayarku, 'yarku, jikarku,
Rhona Cowie